Aikin shigo da faiba layinmu: inda aka kwana

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Zan riƙa rubuta yadda aikin nan yake tafiya saboda 'yan kwamiti da basa samun zuwa mitin, da kuma mutanen layin bayanmu da suke ta tambayata a WhatsApp. Layinmu a Unguwar Dosa yake nan Kaduna, gida 16 ne banda masallaci, ɗaya daga ciki gidan haya ne mai ɗaki da falo shida. Kamfanin intanet da muke magana dasu wayarsu ta faiba, wato wayar gilashi mai kawo intanet ta hanyar haske, ta riga ta bi ta bakin babban titi, tsakaninmu da akwatinsu na ƙarshe bai kai mita 300 ba, amma sunce baza su shigo layi ba sai mutum goma sun rubuta suna sun biya kuɗin haɗawa. Yau bayan la'asar aka zauna a ƙofar masallaci, mutum tara suka ce suna ciki, saura kuwa "sai mun yi shawara".

Ni ba ma'aikacin kamfanin bane, sana'ata wayarin da sola, shi yasa aka ɗora min duba aikin. Abinda na tsaya a kai a mitin ɗin guda ɗaya ne: kar mu zauna jiran ranar da zasu zo. Yaran da suke zuwa haɗawa a kan adadin gidajen da suka gama ake auna musu aiki, in suka tarar ba hanya to zasu jefo wayar ta saman katanga ne su huda jikin taga su maƙala da ƙusa su tafi, bayan wata uku iska ko mai gyaran kwano ko yara masu ƙwallo su tsinke ta. In kuwa sun tarar da bututu a binne da igiya a ciki, minti kaɗan sun zura sun wuce, kuma su kansu sun fi son haka. Wayar tasu ce, hanyar da zata bi tamu ce, kuma ita zamu shirya.

Talata, 21 ga Janairu

Jiya NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, ta sanar ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, yau da safe mutum uku daga cikin masu shawara suka kirani wai a saka sunansu. Mun zama 12 kenan, an wuce sharaɗin.

Injiniyan kamfanin yazo da hantsi muka taka layin tun daga titi har ƙarshe. Maganar da ta ɗau lokaci ita ce ta sama za'a bi ko ta ƙasa. Ta sama ya fi sauri ya fi araha, sai dai falwayoyin layinmu biyu na katako ne gara ta gama da gindinsu, kuma duk sati sai tifa ko tankar ruwa ta shigo, wayar wuta ma sau nawa ana ɗaga ta da gora. Muka tsaya a kan ƙasa. Su zasu haƙa daga akwatinsu zuwa bakin layi su nemi izinin hukuma da kansu, mu kuma daga bakin layi zuwa ƙofar kowane gida da cikin gidajen.

Ma'ajinmu ya tambaye shi ko gwamnati zata caje mu kuɗin haƙa ƙasa. Wannan cajin kamfanoni ake yiwa ba masu gida ba, kuma shi ne ya daɗe yana hana faiba yaɗuwa a ƙasar nan, don tun 2013 aka yi matsaya a kan naira 145 duk mita ɗaya amma jihohi da yawa suka cigaba da karɓar dubbai. A 2020 ne Ekiti ta sauko daga 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe nata gaba ɗaya. Ina ganin da ba don haka ba da wuya wayar tazo kusa damu haka har muna maganar mita 300.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau aka shiga gida-gida don zaɓar inda akwatin zai zauna, wanda suke cewa ONT, shi ne yake karɓar hasken da ya taho ta faiba ya maida shi intanet, yawanci kuma shi ne dai rautar. Sai da muka tsara lokaci da kowane maigida tukunna, don rabin gidajen nan ba shiga ne, ba zai yiwu na kwaso ƙarti da tef mu faɗa wa mutane tsakar gida ba. Inda maigida baya nan yaro ake haɗani dashi yayi gaba yayi sallama a kimtsa.

Kusan kowa wuri ɗaya yake nunawa: bayan talabijin a falon baƙi. Shi kuma falon baƙi a ginin mu na nan a can gaba yake kusa da get, tsakaninsa da ɗakunan iyali bangon bulo uku ko huɗu, wani gidan har da rufin kankare. Wi-Fi ɗin 5GHz mai saurin nan da ake biyan kuɗi dominsa bango biyu na bulo cike da siminti ya ishe shi ya galabaita, na 2.4 ya fi shi ratsa bango amma bashi da sauri kuma a cunkushe yake da na maƙwabta. In aka ajiye a falon baƙi, baƙo da masu zama a dakalin waje sune zasu mori abin, matar gida a kicin tana ta ɗaga waya sama tana zagin kamfani.

A gida na bakwai Hajiya da kanta ta fito ta tsaya daga bakin labule tace, "Ɗana, ni dai kar a fasa min tayil kuma kar naga waya tana lilo a bango, bara aka yi fentin nan." Nace, "Hajiya in sha Allahu ko ƙura baza ki share ba, ta silin zamu bi mu sauko a koridon nan." Koridon tsakiya shi na zaɓa a gida takwas cikin 12, a sama kusa da silin, mita biyu daga ƙasa inda hannun yara baya kaiwa, nesa da firji da bayan madubi, kuma kusa da layin inbata. Gidaje biyu masu bene dole sai an ƙara rauta ta biyu a sama a ja mata wayar Cat6, wato wayar intanet ta tagulla, wannan na faɗa musu tun yanzu don kar ranar a ce ban faɗa ba. Alhajin gida na uku yace shi dai a ɗakinsa za'a saka don ya riƙa kashewa ƙarfe goma saboda yara. Nace ranka ya daɗe ai daga wayarka ma zaka iya rufe wa kowa a lokacin da kake so, yace a'a shi ya fi yarda da abinda zai zare da hannunsa. An bar masa a ɗakin.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Jiya aka yi sayayya a kasuwar Sheikh Gumi da shagunan kayan wuta na gefen Ahmadu Bello Way. Na cikin layi baƙin fayif mai kauri na nadi muka ɗauka mai milimita 40, irin wanda masu bohol suke aiki dashi, don bashi da gaɓa kuma yana jure nauyi. Daga get zuwa cikin gida milimita 25 na wayarin, mai kaurin ba mai laushin da kake matsawa da yatsa ya lotsa ba. Wani ɗan kwamiti yace tunda wayar bata kai kaurin biro ba me yasa baza a sayi na 20 a rage kuɗi ba. Bambancin kuɗin ba wani abu bane, kuɗin yana wajen haƙa da fasa siminti, kuma gobe in wannan kamfanin ya gaza wani yazo, ko kana son jan wayar kyamara, bututun nan dai shi za'a sake bi.

Inda aka kusa yi mana sakiyar da ba ruwa wajen Cat6 ne. Kwali mai kyau, rubutu ras, farashi ƙasa da rabin na shagon kusa dashi. Na karɓi bakin wayar na fere ɗaya daga cikin siraran nan takwas na kankare da reza, sai ga fari ƙal a ciki, wato alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. Na kunna masa laita, nan take ya lanƙwashe ya zube, da tagulla ce zalla sai dai tayi ja ta tsaya. Yaron shagon yayi dariya yace, "Oga ai kowa ita yake saya." Irin wannan tana aiki a mita goma ko sha biyar, amma a doguwar tafiya ko in za'a tura wuta ta cikinta zuwa kyamara sai ta riƙa yankewa, kuma tana karyewa a bakin soket. Ko mai kyan ma iyakarta mita 100, kar wanda ya ja ta daga gidansa zuwa shagonsa na bakin titi yazo yana min ƙorafi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An fara haƙa ranar Laraba da lebura shida. Ƙasar nan ta Kaduna a wannan lokacin ba'a magana, taku ɗaya ka wuce jar ƙasa sai marmara, diga tana tashi da wuta. Sai da aka riƙa sayen ruwa wajen 'yan garuwa ana jiƙa layin da daddare kafin safiya ya ɗan yi laushi. Zurfin da muka tsayar santimita 60 a gefen layi, inda mota take hawa kuma a ƙofar get sai an ƙara an zura baƙin fayif ɗin cikin wani babba an zuba kankare. A ƙasan ramin yashi, a kan fayif yashi, sannan ƙasa kamar taƙi ɗaya, sannan jan leda mai gargaɗi a shimfiɗe tsawon layin, don duk wanda yazo haƙa nan gaba ya fara cin karo da ita kafin ya kai ga fayif.

Leburori in ba'a tsaye a kansu zurfin raguwa yake a hankali, farkon layi 60, tsakiya 45, kafin a kai masallaci ya koma 30. Na yanka sanda daidai awo na ba shugabansu nace duk inda sandar nan bata nutse ba ba'a biya.

Ranar Alhamis diga ta sami fayif ɗin ruwan gida na tara, wanda ba wanda ya san ta nan ya bi har shi maigidan, don haka ya sayi gidan. Rabin tankinsa ya tsiyaye a rami kafin a sami falamba. Kwamiti ya biya gyaran, kuma daga yanzu duk abinda muka tarar a ƙasa da duk inda namu ya bi ina zana shi a takarda da awo daga jikin katanga, a ɗau hoto kafin a rufe, kowane gida za'a bashi kwafi.

An yi ɗan cacar baki a kan gidaje huɗun da basu shiga ba. Ni nace a kai musu bututu har bakin get a toshe tunda ramin ta ƙofarsu ya wuce, ma'aji yace da kuɗin wa. Mai unguwa ne ya raba gardamar, yace a saka, duk ranar da suka shigo su biya kasonsu na karo-karo kafin a buɗe musu. Hakan ya min daidai, don ba wanda zai yarda a sake farke layin nan saboda mutum ɗaya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Cikin gidaje yanzu. Inda intalok ne da sauƙi, a cire a jera gefe a mayar. Inda aka malale tsakar gida da siminti giranda muke sawa a yanka siririn layi a bi gindin katanga.

Abinda nake ta faɗa da yarana a kai shi ne gwiwa. Sun saba da wayar wuta wadda zaka karya ta yadda kake so, sai su ɗauko gwiwar falamba mai kusurwa tsaf su manna. Faiba gilashi ce, kaurinta kashi ɗaya cikin takwas na milimita, inda hasken yake bi a tsakiya kuma maikiron 9 ne kacal, wato kashi 9 cikin dubu na milimita. In ka lanƙwasa ta da yawa ko bata karye ba hasken zubewa yake a wajen, kamar dai ka take tiyo ana ban ruwa, a can baki sai ɗigo. Irin wadda ake shiga da ita gida, G.657, an yi ta don ta jure lanƙwasa fiye da ta kan titi, amma wannan ba lasisin naɗe ta a ƙusa bane. Don haka ko'ina gwiwa mai faɗi, ko a saka sifirin a tanƙwara fayif ɗin a hankali, kuma kar a wuce lanƙwasa biyu ba tare da an saka akwatin dubawa ba. Bututun wuta daban, wannan daban, ba don wuta tana damun haske ba, sai don kar gobe wani mai gyara yazo ya fizgi waya ya haɗa da ita.

Wajen zura igiya a dogon fayif wata dabara muka yi da ta burge yaran unguwa: a ɗaura guntun leda a bakin zaren ɗinkin buhu a cusa, a ɗaya bakin a kafa injin shara mai zuƙa, sai kaji fuuu ledar ta fito a mita arba'in. Da zaren ake jawo igiyar nailan, a bar rarar mita ɗaya kowane gefe a ɗaure a toshe bakin da murfi saboda ɓera da ƙasa.

Litinin, 3 ga Maris

An ɗau azumi ranar Asabar, aiki ya koma daga bayan asuba zuwa sha ɗaya. Ba wani abin kirki da za'a yi a rana, don haka na zauna lissafin wuta, wanda shi ne abinda mutane basa tunawa sai an gama. Ita faibar bata ɗauke da wuta kuma akwatin raba haske na bakin layi baya buƙatar ko batir, amma ONT ɗin cikin gida in an ɗauke wuta ya mutu. Cajarsa bolt 12 ce, abinda yake ci bai fi wat 10 ba, wato a kwana ɗaya cur kusan wat-awa 240, ko kwata ɗin yunit ɗaya. Mai inbata ko sola ba ruwansa, soket ɗaya kawai na ja masa daga layin inbata. Gida biyar ne basu da komai sai janareto, su na basu shawarar ƙaramin batir ɗin rauta da ake sayarwa mai fitar da bolt 12 kai tsaye, yana riƙewa wasu awanni gwargwadon girmansa. A duba bolt ɗin da kyau kafin a jona, wasu suna da ramin 9 da na 12 kusa da juna. Kuma don Allah masu janareto a saka abin kare hawa da saukar wuta, caja ita take fara ƙonewa.

Juma'a, 14 ga Maris

Bayan tarawih wani dattijo a layin ya tare ni yace, "Yaro, in an gama wannan abin naku shi kenan ba sauran ɗaukewar sabis ko?" Nace Baba ragewa dai zai yi. Yau shekara ɗaya cif da ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a wajen gaɓar Kodebuwa, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, ranar da bankuna da POS suka riƙa wahalar da mutane daga Legas har nan, mai faiba da mai data duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Intanet ɗin da zai shigo koridon Hajiya daga Legas yake tahowa ta ƙasa ɗaruruwan kilomita, duk inda ake aikin titi ko kwalbati a hanya katafila zata iya tsinke shi. Shi yasa a 2024 gwamnatin tarayya ta saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne babba, kuma a shekarar ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Ko za'a gani a ƙasa wannan kuma sai a jira.

Maƙwabcinmu mai Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan adam, wanda yana cikin huɗun da basu shiga ba, yana gefe yana murmushi. Gaskiya nasa yana aiki, tun farkon 2023 aka fara shi a Najeriya, kuma ga wanda yake gona ko ƙauyen da waya baza ta je ba nan kusa babu kamarsa. Amma a cikin gari inda faiba take a bakin titi, kuɗin kayan da na wata ba ɗaya bane, kuma ita faiba ba ruwanta da hadari.

Asabar, 22 ga Maris

Gidan haya ya zo da tasa. Mai gidan yana Abuja, ta waya yace ya yarda amma kar a huda masa bango fiye da wuri ɗaya. 'Yan haya uku suna son kowa nasa layin, ukun basa so. Abinda muka yi: bututu ɗaya ya shiga zuwa akwati a zaure, daga nan ƙananan fayif shida suka bi ƙarƙashin baranda zuwa kowace ƙofa, har na waɗanda basa so, tunda ɗan haya yau yana nan gobe ya tashi.

Sai dai akwatin da kamfani zai kafa mana baki 16 gare shi. Gidan hayan da ma yana cikin 12 da baki ɗaya, yanzu ya koma uku, mun zama 14, saura biyu kenan wa gidaje huɗu da ɗakuna uku. Na sanar a guruf, wanda ya riga ya riga.

Talata, 8 ga Afrilu

An sha sallah, kamfani sun ce Alhamis, suka ce Asabar, yau dai suka zo su biyar da mota da nadin waya. Shugaban tawagar da ya buɗe murfin farko yaga igiya a ɗaure sai ya juyo yace, "Oga wa ya muku wannan aikin?" Kafin azahar sun zura gida tara. Wuri ɗaya ne ta cije, a gida na sha ɗaya inda birkila ya taka fayif ya lotsa kafin ya zuba kankare, sai da aka fasa taƙi biyu aka gyara. Na hana su fizga da ƙarfi, mutum ɗaya na turawa ɗaya na ja a hankali, da ɗan ruwan sabulu.

Na tsaya na kalli mai haɗa wayar a gindin akwati, ya shimfiɗa kwali a inuwa ya zauna ya buɗe injinsa a cinya. Ya fere baƙar rigar, ya fere ta ciki, ya zare wani siririn rufi da ɗan filaya har gilashin ya fito tsirara, ya goge da auduga da sifirit sai da tayi ƙara ƙiii, ya ɗora a abin yanka ya danna sau ɗaya. Haka ya yiwa ɗaya bakin. Ya jera su a injin ya rufe, a ɗan allon sai ga bakin biyu sun bayyana manya suna matsowa da kansu har suka daidaita, wuta tayi ɗan walƙiya, suka zama ɗaya, injin ya rubuta 0.02, wato awon hasken da yake zubewa a gaɓar, ƙarancinsa ake so. Ya jawo 'yar rigar roba mai ƙarfe a ciki ya rufe gaɓar ya saka a wajen gashi. Duka bai fi minti uku ba. Wani ya fito 0.15 ya karya ya sake ba tare da na ce komai ba, a nan na san yaron ya san aikinsa. Guntayen gilashin kuwa a kan salatif yake manna su, yace in ya shige tafin ƙafa ba'a ganinsa balle a cire, don haka muka kori yara masu yawo ba takalmi daga wajen.

Na roƙe su duk gida su bar rarar waya kamar mita uku a naɗe da faɗi cikin akwatin bango, saboda in kai ya lalace a sami abin yankewa a sake.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An kunna. Na bi su da littafi ina rubuta ƙarfin hasken kowane gida a mitarsu. Yawanci tsakanin -19 da -22 dBm suka fito, lafiya lau kenan, don irin wannan tsarin na GPON in ya gangara wajen -27 ko -28 akwatin ya fara rasa gane saƙo. Ku rubuta lambar gidanku ku ajiye, ranar da abu ya lalace ita za'a gwada da sabuwa a san ko matsalar a waya take.

Gida biyu suka bada ciwon kai. Na Alhaji mai kashewa ƙarfe goma -29 ya nuna, jar fitilar LOS ta jikin akwatin, mai nuna haske baya isowa, tana ta ƙiftawa. Aka jona jan haske na gwaji daga waje muka bi layin, sai ga ja yana haskowa ta jikin wayar a bayan wadirof, ashe bayan an tafi an tura wadirof ɗin ya danne ta a kusurwa. Aka saki aka gyara zamanta, ya dawo -21. Na biyun ɗan gidan ne ya ga guntuwar faiba mai koren kai da take shiga akwatin ta yi masa gajarta ya ɗauko wata mai shuɗin kai a wajen abokinsa ya jona. Kore da shuɗi basa haɗuwa, koren bakinsa a goge yake a karkace digiri 8, shuɗin a miƙe, in ka haɗa su gilashin baya manne da juna kuma kana iya lalata duka biyun. An canja.

Gargaɗi ga kowa da kowa, musamman iyaye mata su ja kunnen yara: kar a zare koren kan nan, in an zare kar a taɓa bakinsa da yatsa, kuma kar a leƙa cikinsa da ido. Hasken da yake tahowa ido baya ganinsa amma yana iya yiwa ido illa.

Wani abu da zai zo nan gaba gara na faɗa yanzu. Layin da ya fito daga na'urar kamfani kusan gigabit biyu da rabi yake ɗauka a saukowa, kuma rabawa ake tsakanin gidaje da zasu iya kai 64, ba mu kaɗai ba. In kun ga ya ɗan ja baya bayan isha'i lokacin da kowa ya zauna kallo, ba bututunmu bane, kamfani za'a kira. In kuma a ɗaki ɗaya ne kawai yake ja baya, bango ne, ni za'a kira.

Asabar, 3 ga Mayu

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka daren Laraba da iska. Da safe na bi layin na buɗe ramukan dubawa guda huɗu, uku a bushe, na kusa da masallaci ya cika taf saboda kwata ta toshe ta juyo da ruwa kansa. Ruwa baya hana haske wucewa, intanet bai ko girgiza ba, amma in ya daɗe yana kwanciya laka zata cika fayif ta kama wayar. An kwashe, za'a ɗaga bakin ramin da bulo ɗaya a zuba tsakuwa a ƙasa, kuma a toshe bakunan fayif da kumfa. Ƙasa ta zauna a wuri uku inda ba'a daddaɓe da kyau ba, har tayar wani Keke ta faɗa, leburori zasu dawo Litinin da baro biyu na marmara.

Tsawa ta kashe rauta ɗaya, a gidan da suka ja Cat6 ta sararin tsakar gida zuwa boskwata ba da sanina ba. Faiba bata ɗaukar tsawa, tagulla tana ɗauka, duk mai son kai intanet wani gini daban yayi magana a zura masa ta bututu ko a ja masa guntuwar faiba.

Ɗaya daga cikin gidaje huɗun nan ya biya kasonsa jiya, an buɗe masa murfi, saura baki ɗaya a akwati. Na tura wa injiniyan saƙo ko zasu ƙara akwati na biyu tunda layin baya suma sun tara mutum bakwai, yace sai ya hau da maganar sama. Taswirar gida biyar ban gama zanawa ba, rautar sama ta gidan bene na biyu bata iso ba, kuma har yanzu mutum biyu basu cika kuɗin kankare ba, ma'aji yace zai karanta sunaye a mitin ɗin Asabar mai zuwa bayan la'asar.